Karin da Na Saka Sunanki a Ciki

Zuwa ga Azara, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar gawo a tsakiyar rani, wadda in ta yi murmushi nake mance yunwar wuni guda.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Za ki ga tawada ta ɗiga har wuri biyu a takardar nan. Kada ki ga laifin alƙalami, cikin gaggawa nake rubutu.

Labari ya iso ni yau da hantsi. Goggo Halimatu, ƙanwar malamina, ta wuce ta bayan gidanku, ta ji kina daka kina rera karin waƙar nan da kika ji a bakina, ta kai wa malamin nawa, Elhaji Mamani, da zafinsa. Yanzu cewa yake kin laɓe a bayan zanarsa kin saci waƙar bege kin mai da ita waƙar turmi, kuma gobe bayan la'asar zai je ya faɗa wa mahaifinki a gaban mutane. Ke, ɓarauniya? Ke da ko ƙofar gidansa ba ki taɓa tsayawa ba?

Ba ki san nauyin abin da na ɗora miki ba, don ban taɓa gaya miki ba. Elhaji ya yi shekara tara a hanyar Makka. A Jidda ya zauna da wani dattijo mutumin kudancin ƙasar Hindu, shi ya koya masa matakai bakwai na murya, da yadda ake riƙe waƙa da tafi a cinya: a buga, a bi da yatsu uku, a buga a juya hannu, a sake bugawa a juya. Ya ce bayin Allahn da suka ƙagi waɗannan kari a can ba su taɓa wasa mutum da su ba. Ɗayansu ma sarki ya aiko masa da zinariya don ya ambaci sunansa, ya mayar da ita yana cikin talauci. Elhaji ya zuba kalmomin bege a kan karin, ya dawo da su Dakoro da sharaɗi ɗaya, wanda ya sa na ɗauki alkawari a kansa hannuna cikin nasa: ba a saka sunan masoyi ko na mai mulki a ciki.

Damina biyu na yi ina hawa da sauka a matakan nan ba kalma ko ɗaya, har mutanen garinmu, Birnin Lalle, suna tsokanata wai na je koyon kukan raƙumi. A ta uku ya ba ni waƙa ta fari. Kuma me na yi da ita, ya hasken zuciyata? Kin tuna ranar kasuwar Kornaka, da muka haɗu a rijiya, igiyar guganki ta tsinke na ɗaure miki? Kika ce wai me nake koyo haka da ba a taɓa ji ba. Na dubi idanunki, wallahi alkawari ya fice mini daga kai kamar tsuntsu. Na buga cinya, na rera, inda bege ya kamata ya shiga na ce Azara. Sau ɗaya kika ji kika riƙe, abin da na yi wata huɗu ina fama da shi! Baki shi ke yanka wuya, kuma bakin nawa ne.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Saura waƙa shida bai ba ni ba, kuma ya tsufa, numfashinsa ba ya kai ƙarshen baiti. Duk ƙasar nan ba wanda ya jure karatunsa sai ni. In na yi shiru, zan gaje su duka, ke kuma a kira ki marar kunya a bakin rijiya har ki yi furfura. In na yi magana, na san shi, zai naɗe buzun da nake zama a kai, ba zai sake shimfiɗa mini ba. Ina son waƙoƙin nan, Azara, ina son mutanen da ban taɓa gani ba da suka ƙage su suna hawaye. Amma wane bege zan yi da bakin da ya bari aka yi miki ƙazafi?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe zan riga shi zuwa ƙofar gidanku, in durƙusa in ce ni ne, ni na karya alkawari, ita ba ta san komai ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ya farin watana. In kin ji an sallame la'asar, ki zuba gero a turmi ki yi daka. Kada ki rera komai. Hannuna ba zai iya riƙe mini bugu ba gobe, ki bar taɓaryarki ta riƙe mini, in ji ta ta bayan danga har in kai ƙarshen maganata.

Naki da waƙa shida ko babu ko ɗaya, har ranar da za a juya mini fuska gabas,

Rabo