Abin Da Fitilar Zobe Ta Gani A Idon Zulai

Zuwa ga Yayana Mamman Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can wurin haƙar zinariya. Ƙanwarka ce Rakiya, daga Gidan Rumji.

Na san ba ka son a baje zancen gida a bainar jama'a, kuma na san ranka zai ɓaci idan ka ga wannan. Ka yi haƙuri. Lambarka ba ta shiga tun kafin a yanke gero, saƙonnin murya da na aika suna nan jibge ba a buɗe ba. Shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani. Samarin Agiye da na Gazawa sun cika arewa, wataƙila wani ya san ramin da kake, ya miƙa maka wayarsa ka karanta.

Zancen 'yarka Zulai ne. Tana nan da ranta, tana wasa, har ta iya cewa Gwaggo. Amma idonta na hagu ba lafiya, kuma bakinka ake jira.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, don da hannunka a ciki ba ka sani ba.

Ka tuna ranar da ka bar mini kamararka, ka ce in riƙa shiga gidajen biki inda maza ba sa shiga. Sana'ar ta karɓe ni, sai dai amare sun dame ni da son hoton lallensu kusa-kusa. Ni kuwa da na matso, inuwar bakin kamara sai ta faɗa kan hannun, rabi duhu, rabi fari fat. Kai ka ce mini maganin abin fitilar zobe ce, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashin kamara, haske ya kewaye shi, inuwa ta rasa wurin faɗuwa.

Daga cikin wani shagon fitilu a Maradi na kira ka, kuma ita ce doguwar hirarmu ta ƙarshe. Mai shago ya kunna mini wata ƙatuwa mai tsayawa da ƙafa, tana ci dindindin, fuskata a madubi ta yi kyan da ban san ina da shi ba. Ita raina ya kwanta da ita. Ka yi ta dariya, ka ce wannan ta masu rawa a gaban waya ce, in na kai ta ƙauyen da ba wuta sai in yi mata goyo in dawo.

Ka ce: "Ki ɗauki mai walƙiya. Ita tana riga ido ƙiftawa."

Sannan ka sa na wahalar da bawan Allah. In gwada ko zoben ɗaurawa ya hau bakin gilashina daidai. In duba ko tana cin pil, wato batir, irin wanda ake samu a teburin kowane ƙauye. In tabbata ana iya rage hasken gefe ɗaya, don kada fuskar mutum ta fito a baje kamar faranti, ba hanci ba kumatu. Na fito da 'yar ƙarama marar kwarjini ina ta gunguni, kai kuma kana ce mini mai son ƙyale-ƙyale.

Gaskiyarka ce, na yarda, ko da yake ban so faɗa ba. Da ita na ɗauki zanen lalle har ana ganin inda hannun mai ƙunshi ya yi rawa.

Bayan girbi na je gida Sae Sabuwa, na ce bari in ɗauki Zulai cikin sabuwar rigarta, ranar da waya ta shiga in aiko maka. A ɗakin uwarta Balki muka yi, akwai ɗan duhu. Na durƙusa daidai fuskarta, na danna. Da na duba hoton, ƙwayar idonta na dama ta yi ja, kamar yadda ka koya mini takan yi idan walƙiya ta shiga kai tsaye. Ta hagu kuwa fara ce, kamar an ɗiga nono a ciki.

Na ɗauka gilashi ne, na goge. Na sake pil. Na tara yaran maƙwabta na ɗauke su a wuri guda, kowa idonsa ja da ja. Na dawo kanta, farin yana nan. Yaya, sai na ɗauki kamarar na nufi wurin Baba.

Da Baba ya ga hoton sai ya ce fitilata ce ta ƙona wa jikarsa ido, kada in ƙara shigo masa gida da ita. Ban yi musu ba, don ni ma tsoron da ya kama ni ke nan. Sai da muka keɓe Balki ta faɗa mini ta jima tana lura, idan an miƙa wa yarinyar kofi ta hagu ba ta karɓa sai ta juyo da kai gaba ɗaya. Ta ɗauka ƙiriniya ce.

Muka kai ta wurin majo, mai duba marasa lafiya a asibitin garinmu, shi kuma ya tura mu Maradi. Likitan ido ya duba hoton, ya duba yarinyar. Ya ce fitila ba ta yi mata komai ba, asiri kawai ta tona. Da mai ci dindindin na saya, ƙwayar idon za ta tsuke kafin in danna, da ban ga komai ba. Ya ce ba hakiya ba ce. Wani abu ne ke tsiro can bayan idon, kuma irinsa ba ya jira, idan aka bar shi yana bin jijiya ya wuce cikin kai. Sai an kai ta Yamai, kuma mu shirya wa jin cewa za a cire idon don a tsirar da ranta.

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Zulai kuwa tana bayan uwarta tana jan ɗankunnena.

A nan muka tsaya. Baba ya ce ba za a taɓa idon yarinya ubanta yana raye bai ce a yi ba. Kullum yana yi mata tofi, yana shafa mata kai. Ba na ganin laifinsa duka, Yaya. Tsoro yake ji ka dawo ka tambaye shi wa ya ba da izni. Balki ba za ta tsallake maganar surukinta ba, ka san ta. Ta daina cin abinci, sai ta zauna ta rufe wa yarinyar idon dama da tafi tana nuna mata yatsa, ko Allah zai sa ta bi shi da kallo. Ba ta bi.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin ramin da ya haɗiye muryarka. Kuma ina kewarka har ba na son buɗe jakar kamara, don har yanzu igiyarta tana da ɗaurin da ka yi mata da zaren buhu.

Ka tuna shekarar da ƙaiƙayi ya faɗa mini ido a wurin sussuka? Ina ihu ina murza, manya suna cewa a bari Baba ya dawo daga kasuwa. Kai ka kama hannuwana, ka buɗe idon, ka sa harshe ka ciro shi. Kai ma yaro ne a lokacin, kuma ba ka jira kowa ba. Har yau da idon nake aiki.

Shekaranjiya na ga farin a idon Zulai da rana tsaka, ba kamara ba fitila. Ta juyo wajen ƙofa sai ya ƙyalla.

Don haka ga abin da na yanke, gara ka ji daga bakina. Ranar kasuwa mai zuwa akwai motar Yamai. Idan maganarka ta iso, Baba da kansa zai raka mu tasha. Idan ba ta iso ba, zan goya Zulai in tafi, na san kuma ƙofar gidanmu za ta rufu a bayana, wataƙila har da taka. Zan ɗauka. Amma ba na son in ɗauka, Yaya, ina son in tafi da albarkar Baba.

Ba dogon bayani muke nema ba. Ka ari waya, ka hau duk tudun da rezo yake, inda waya ke shiga, ka ce: Baba, a kai ta.

Wancan hoton ban sa shi a nan ba, ba zan bar duniya ta kalle shi ba. Wanda na haɗa da saƙon nan daga gefe na ɗauke ta, na rage hasken ɓangare ɗaya yadda ka koya mini. Kumatunka ne sak. Idon da kake gani shi ne na dama, lafiyayye, kuma da shi muke son ta gan ka ranar da ka dawo.

Allah Ya tsare ka daga ruftawar rami da sharrin hanya. Allah Ya kai maganar nan kunnenka kafin motar ta tashi. Allah Ya ba Zulai lafiya da tsawon rai, Ya sanyaya zuciyar Balki da ta Baba. Amin.

Ƙanwarka mai jiran muryarka,
Rakiya