Ratar Gindin Bango

Litinin, 3 ga Yuni

Hutun sati biyu aka ba ni a wurin aiki, a cikinsa nake so a gama ɗakin Baba. Tayil ɗin nan ne ya kayar da shi wancan watan, ga santsi ga sanyi. Likita ya ce in ya sake faɗuwa, sai kwanciya. Yaya kuma ya faɗa min a waya, ba wasa a muryarsa: "Ya ƙara faɗuwa sau ɗaya, zan zo in ɗauke shi." Ya kai shi can hawa na uku, gidan da ba mai wuni a cikinsa. Ba zan yarda ba.

Daɓen katako za a yi. Na gaji tun ba a fara ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Awa uku a tsaye a shagon katako. Mai shago ya baje min samfura har idona ya daina bambancewa. Na shafa mai ƙyallin, na tuna santsi, na ajiye. Na ɗauki mai ruwan zuma mara sheƙi, ƙananan guntaye da ake jerawa kamar ƙashin kifi.

Na kawo guntu ɗaya gida. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, har hanci ya kai shi. Shekara arba'in yana aikin kafinta, amma tun rasuwar Mama bai sake taɓa katako ba. Ni ce ma na ɓoye akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gadona da hannunsa ya fara rawa. Bai taɓa tambaya ba.

Ya ce, "A bar shi ya kwana bakwai a ɗakin tukuna, ya saba da iskar gidan." Na ce to, a baki kawai. Kwana bakwai daga ina?

Juma'a, 7 ga Yuni

Kwalaye sun iso da safe, mai daɓe ya fara da rana. Shi ma ya so a jira, na ce hutuna ba ya jira. Ya ɗaga kafaɗa. Warin gam har cikin kaina. Baba ya koma falo da katifarsa.

Asabar, 8 ga Yuni

Yau na yi abin da ba na son rubutawa.

Na leƙa na ga mai daɓe yana barin rata tsakanin katako da bango, ɗan yatsa zai shiga. Na ce wannan fa? Ya ce haka ake yi, wai za a rufe da siririn katako. Na ce wato in gina wa kyankyasai gida da hannuna? A matse shi da bango. Sai ga Baba a bakin ƙofa da sandarsa: "Uwata, bar masa ratarsa. In damina ta zo kumbura zai yi, ina zai je?"

Ƙafata na zafi, tukunya na kan wuta, ban san sanda na ce, "Baba, don Allah, wannan ba katakon zamaninku ba ne." A gaban baƙo.

Baba ya juya. Ya koma ya zauna. Mai daɓe ya matse kamar yadda na ce.

Talata, 11 ga Yuni

An gama. Ya yi kyau, gaskiya, ba tsaga ko ta allura. Na ce Baba ya gani? Ya ce madalla. Abincinsa rabi ya ci.

Litinin, 17 ga Yuni

Na koma aiki. Bayana kamar an daka.

Alhamis, 27 ga Yuni

Ruwa kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Shanya ta ƙi bushewa. Ƙofar ɗakin Baba ta fara gogar ƙasa, sai na sa kafaɗa. Ba ni da ƙarfin tunani a kai.

Lahadi, 30 ga Yuni

Ina wanke-wanke na ji ƙarar sanda ta faɗi. Ban san yadda na isa ɗakin ba. Na same shi rungume da ƙarfen gado, gwiwar hannunsa ta kuje, yana haki. Bai kai ƙasa ba. Saura ƙiris.

Daɓen ya taso a tsakiyar ɗaki kamar kunyar gona, daidai hanyarsa ta zuwa banɗaki. Ga silifas ɗinsa ɗaya a kan tudun. Ashe kwana uku ke nan da ya ajiye shi don ya riƙa kewayewa, ni kuma ina shiga ina fita ina cewa tsufa ne ya sa yake yar da takalmi ko'ina.

Na ce, "Baba, ka gani ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ai ba na zamaninmu ba ne."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗan ne. Ina shafa masa magani ya ce kada in gaya wa Yaya. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana.

Talata, 2 ga Yuli

Mai daɓe ya zo, ya taka tudun, ya ce sai an ɓamɓare duka. Sati biyu kuma. Na zauna a bakin gado, ba ni da hutu, ba ni da bakin magana.

Baba ya bi ɗakin yana buga sanda a ƙasa yana saurare. Ya tsaya, ya dube ni yana jira. Sai da na ce, "Baba, yaya za a yi?" Da ƙyar maganar ta fito.

Ya ce ba sai an ɓamɓare ba. A rage bakin katakon a jikin bango biyu, a sake sa gam ƙarƙashin tudun, a ɗora masa nauyi, zai kwanta da kansa. Sannan ya ce, "Ina fensirina?" Bai dubi ɗakina ba, amma na gane ya san inda akwatin yake tun tuni.

Na jawo shi, ƙura ta sa ni atishawa. Muka riƙe Baba ya durƙusa a kan matashi. Hannun na rawa, na kau da kai. Sai ya kwantar da faffaɗan fensirin nan a jikin bango ya ja, bangon ya riƙe masa hannu, layi ya fito sak. Mai daɓe da ke ce masa Baba tsoho ya koma cewa "Maigida, nan ma?" Shi ya yanka, Baba na ce masa a hankali, ba rago ake fiɗa ba.

Jarkokin ruwa shida muka jera a kan tudun. Da yamma Baba ya nemi ƙarin abinci.

Asabar, 6 ga Yuli

Tudun ya kwanta. Ƙofa na buɗewa da ɗan yatsa.

Yaya ya kira, ina shirin cewa lafiya lau Baba ya karɓe wayar. Ya ba shi labarin duka, har tuntuɓen, ban da maganar da na yaɓa masa a gaban mai daɓe. Na ji yana cewa, "Ka ɗauke ni ka kai ni ina? Aiki gare ni a nan, ƙafar teburin ƙanwarka ma rawa take."

Ratar na nan, ba a sa siririn katakon ba tukuna, Baba ya ce shi zai zaɓo. Ina sharewa da bakin tsintsiya. Kyankyaso ɗaya na gani, ban mutu ba.

Akwatin yana ɗakinsa. Ƙarƙashin gadona ya cika da tarkace ne, ba wani abu ba. Zarton dai na ce sai ina gida. Ya ce to, kuma na san irin wannan to ɗin.