Ina warware saƙar Inna a ɓoye, yanzu ta ƙi aikin ido

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, domin a unguwarmu Titirou duk wanda ya karanta zai iya gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, na yi wani abu da son raina, yanzu ya koma kan mahaifiyata, na rasa ta inda zan fita.

Ni mahauci ne a Parakou, ina da mata da yara. Lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ban gama ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Abin da abokan sana'ata ba su sani ba shi ne na iya saƙa da kwarashi, kuma ina son ta har cikin raina, idan na tashi daga kasuwa na yi wanka, ita ce hutuna. A wajen Inna na koya. Ita kuma ta koya tana budurwa a Djougou, bayan samun 'yancin kai, lokacin ana kiran ƙasar Dahome, a hannun matar wani ma'aikaci ɗan kudu da suka yi maƙwabtaka. Tun daga nan ita ke yi wa unguwa kayan suna, hular jariri da safa da 'yar riga. Ina yaro na karye a ƙafa na daɗe a kwance kusa da ita, sai ta miƙo mini zare don in daina damunta, daga nan hannuna ya kama.

Amma tun farko hannunmu ba ɗaya ba ne. Saƙar Inna sakwa-sakwa ce mai ramuka, takan ce kan jariri yana son iska. Ni kuma matsattsiya nake so, idon saƙa ƙanana a jere, baki ya tsaya cak. In ta ga tawa sai ta yi dariya ta ce, "Mai nama, wannan hula ce ko tukunya?" Haka take kirana, ba ta faɗin sunana tunda ni ne ɗan fari.

Da na zauna a Parakou, matan 'yan kasuwar shanu suka ji labarinta a bakin matata, suka fara ba da aiki. Inna ta saƙa a Djougou, a ba direba, in karɓa a tasha, matata ta kai wa masu shi. Ranar da na fara wannan laifi, wata hula ce ta aiko, wallahi babu abin da ya same ta. Ba ta yi mini ba ne kawai. Na warware ta, na sake saƙa ta da zarenta yadda nake so. Matar da aka kai wa ta kira Inna a waya tana ta yabo, wai ba ta taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba. In gaya muku gaskiya daɗi na ji, domin na san ni aka yaba. Na gaba da ya zo ma haka na yi masa. Matata ta ce in bari, wannan cin amana ne, in ina son a san aikina in fito da shi a fili. Na ce mata ai sunan Inna nake ɗagawa, ta ce ƙarya ne kaina nake ɗagawa, muka yi ta yi har ta gaji ta zuba mini ido.

Daga baya aikin ya fara zuwa da matsala ta gaske. Idon saƙa a tsallake, safa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wani lokaci zaren ruwan ɗorawa a tsakiyar fari, alamar ta ɗauka launi ɗaya ne. A lokacin ya kamata in yi magana. Sai na ci gaba da gyarawa ina gaya wa kaina rufin asiri ne, alhali na riga na saba da daɗin yabon.

Ƙanina, wanda take zaune a gidansa, shi ya ga tana laluben buta ga ta a gabanta, ya kai ta asibiti. Likita ya ce yana ce ta rufe idon, aiki za a yi, kuma in aka ja lokaci abin zai ƙara wuya. Inna ta ce babu mai sa mata wuƙa a ido, wai idon da matan Parakou ke rububin aikinsa ba shi ne ya lalace ba, ɗan hazo ne na tsufa. Ƙanina ya roƙe ni in lallashe ta tunda tana jin maganata. Na kira, ta sa wayar kowa yana ji, ta ce, "Mai nama, kai kake ganin aikin da idonka. Gaya wa ƙaninka, ka taɓa ganin kuskure a ciki?" Na ce ban taɓa gani ba. Tun daga ranar ƙanina ba ya ɗaukar wayata, ya aiko a ce mini in ta makance ni na ɗaure mata gindi. Bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba.

Za ku ce in je in faɗa mata kawai. Na hau mota na je Djougou da wannan niyya, na same ta a tabarma tana ba baƙi labarin yadda ake neman aikinta har daga Tourou da ke kusa da Parakou, fuskarta cike da fara'a, sai na ci tuwo na dawo. Tun rasuwar Baba saƙar nan ce ta riƙe ta. Kuma in na buɗe baki ba maganar ido kaɗai za ta ji ba. Za ta ji cewa tun idonta na lafiya ɗanta ya raina hannun da ya koya masa, duk yabon da ta yi shekaru tana sha ba nata ba ne. Na yi tunanin in ce sai da idon ya fara na soma gyara, matata ta ce in Inna ta tambaye ta ba za ta yi mini ƙarya ba.

Yanzu ga wani ƙunshi ya iso, na sunan da za a yi mako mai zuwa. Hular a karkace take, rabi fari rabi ɗorawa. Inna ta kira ta tambaye ni yaya na ga aikin, na ce ya yi kyau. Ban taɓa shi ba tukuna. In na gyara, ta ƙara samun hujjar ƙin asibiti. In na bari aka kai haka, a bakin matan waje za ta ji, kunyar ta fi. In na mayar mata da shi Djougou na sa a hannunta, ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba.

Iyaye mata da ke gurup ɗin nan, ku na fi so in ji. In ɗanki ne ya yi miki haka, daga bakin wa za ki fi son ji, kuma da wace kalma zai fara?