Hasken Tocilar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau. Baba ma da sauƙi, sai rigimar da ka sani: likita ya ce ya bar aikin kafinta, shi kuma ya ce likitan bai taɓa riƙe zarto ba.

Ga katin kyamara nan a cikin ambulan, na ba direban da ke kai mana saƙo. Hoto ɗaya ne a ciki, so nake ka wanke min shi babba in rataya a falo. Da tsohuwar kyamararka na ɗauka, wadda ka aiko min bara ka ce in ba yaran maƙwabta su yi wasa da ita. Ban ba su ba.

Daren Talata aka ɗauke wuta, na leƙa ɗakin Baba ban gan shi ba. Can na same shi a shagonsa na bayan gida, riƙe da tocila, yana duba wata kujera da ya wuni yana gogewa a ɓoye. Hasken ya fito daga hannunsa ya miƙe sambal har jikin kujerar kamar sanda, har ji nake in na kai hannu zan kama shi. Na ce, "Baba, don Allah kada ka motsa." Ya ce, "Ai ko ba ki roƙa ba gwiwata ba za ta bar ni ba." Na ruga na ɗauko kyamara.

Kai ne mai situdiyo, ni 'yar dagaji ce, saboda haka ban da dariya. A gaida Anti, a shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, kowa yana amsawa. Ki ce wa Baba ina nan tafe idan aiki ya lafa.

Na wanke hoton, ga shi nan a naɗe, kada ki bari direba ya ɗora kaya a kansa. Na wanke guda biyu, ɗaya na maƙala a situdiyo don in ga yadda launin zai zauna a takarda. Ba laifi. Ga wadda ba ta koya ba, wallahi ba laifi. Amma tunda ni babba ne, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan sana'a, dole in faɗa miki gaskiya. Kan Baba ya yi kusa da gefe. Rabin fuskarsa duhu ya cinye. Inda hasken ya sauka a kujera ya ƙone, ya yi fari fat. Sannan cikin hasken cike yake da ɗigo-ɗigo da ƙananan zare-zare, alamar ba kya goge idon kyamara. Naki na bar shi yadda yake, tunda haka kika aiko. Nawa na zauna a kwamfuta na share dattin tas, ya yi sumul.

Abu ɗaya nake so ki rubuto min, don in nuna miki inda kika kuskure. Daƙiƙa nawa kika bar ƙofar kyamara a buɗe? Yaya girman buɗin idon? ISO, wato ƙarfin kama haske, nawa kika sa? A kan me kika ɗora kyamarar, tunda na san ba ki da ƙarfen nan mai ƙafa uku? Wace irin tocila ce a hannun Baba? Ki rubuta dalla-dalla, kada ki yi min irin lissafinki na "kamar haka dai".

Irin wannan hoton sa'a ce, kowa yakan taka ta sau ɗaya. Kada ki bari ya hau miki kai.

Ki gaida Baba da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Hoto ya iso lafiya, na gode ƙwarai. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ƙafar kujerar ta baya ta ɗan karkace, gobe zai gyara. Kansa kuwa bai ko kalla ba.

Ga lambobin da za ka nuna min kuskurena da su. Ƙofa daƙiƙa ɗaya cur. Idon na buɗe shi har ƙarshe. ISO dubu ɗaya da ɗari shida. Filas na kashe shi, domin da na gwada da shi sai ya haske shagon duka, hasken tocilar ya ɓace. Saitin nesa da hannu na murɗa, tunda a duhu kyamarar sai kai da komowa take, ta kasa kama komai. A kan bencin Baba na ɗora ta, na tokare da guntun katako, na sa ta ƙirga biyu kafin ta ɗauka don kada hannuna ya girgiza ta. A gefe na tsaya, na ɗan fuskanci bakin tocilar. Gyara kuwa, na rage farin, na ƙara wa duhun nauyi kaɗan, na ɗan janye shuɗin da hasken yake da shi. Shi ke nan. Tocilar ita ce baƙar nan ta kasuwa mai batir biyu, wadda sai an buga ta a tafin hannu take kamawa.

Jiya mun yi waya da Anti. Ta ce kwana tara ke nan kana rufe situdiyo bayan isha'i, ka kashe fitilu, kai kaɗai a ciki. Ta ce ka sayi tocila har bakwai, yara sun zaci shagon tocila za ka buɗe. Ta ce in tambaye ka ko lafiya. To, na tambaya.

Baba ya ce aikin nan naka da ba ya lafawa, shekara uku ke nan. Ni dai saƙo na isar.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Antinki bakinta ba ya riƙe magana, ke kuma kunnenki ba ya ƙin ji.

Tunda kin sani, bari in faɗa. Na bi lambobinki ɗaya bayan ɗaya. Kyamarata ta ninka taki sau goma. Na share situdiyo, na goge ƙasa da tsumma, na rufe tagogi, na toshe ƙasan ƙofa, na goge idon kyamara har sau uku. Na kunna tocila. Abin da ke fitowa, farin tabo a bakin tocilar da farin tabo a bango, tsakaninsu baƙi ƙirin. Na kai ƙofa daƙiƙa goma, na kai talatin. Bango ya ƙone, tsakiya tana nan baƙa. Na gwada zana hasken da kwamfuta, ya fito kamar an jingina farin bututu.

Saboda haka ɗayan biyu ne. Ko kin ɓoye min wani abu, ko wani ne ya ɗaukar miki. In wani ne, ki faɗa min wane ne, ba zan yi faɗa ba.

Ban iya ɓoye-ɓoye ba, Auta: raina a ɓace yake. Na ɗauki amare sun fi dubu. Na ɗauki fasfo har na daina ganin fuska, sai kunne biyu da farin ƙyalle. A duk shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya shigo situdiyona ya tsaya cak a gaban hoto ya manta abin da ya kawo shi ba, sai da na maƙala naki. Yanzu kullum sai an yi. Wata mata ta zo ɗaukar fasfo, ta tsaya tana share hawaye, wai ya tuna mata da mahaifinta. Ni kuma ina tsaye a bayanta da kyamara a wuya kamar ɗan aike. Mahaifin nan nawa ne ni ma, kyamarar tawa ce, sana'ar tawa ce. Ta yaya abin ya tsallake ni ya faɗa hannunki?

Akwai kuma wani mutum mai shirya baje kolin hotuna da ya biyo ta nan. Ya yaba aikin situdiyo, yana son irin wannan guda huɗu kafin ƙarshen wata. Ba wani abu ba ne babba, amma na riga na amsa masa. Don Allah ki tuna da kyau ko akwai abin da kika manta ba ki rubuta ba.

Ki gaida Baba.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gaishe ka, don ba a bar ni in taso ba gaisuwa.

Direba ya kawo min takardar tallan baje kolin. A tasha ya gan ta manne, ya ce, "Wannan ba tsohonku ba ne?" Shi ne. Ga Baba, ga tocila, ga kujera. A ƙasa kuma ga sunanka da sunan situdiyonka, da manyan baƙaƙe. Ashe wannan ne "ya yaba aikin situdiyo". Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin katifa kafin Baba ya gani.

Ka tambaya ko na ɓoye maka wani abu. Na ɓoye. Tun wasiƙarka ta farko na gane abin da kake nema, na ba ka lambobi na riƙe sauran, ina dariya ni kaɗai. Ƙura ce, Yaya. Hasken tocila ba ya ganuwa a iska mai tsabta, sai ya sami abin da zai sauka a kai. Baba ya wuni yana goge kujera, garin katako yana yawo a shagon, shi hasken ya kama. Ɗigo-ɗigon nan da zare-zaren da ka kira datti, su ne hasken. Kai kuma ka saba share ƙuraje daga fuskar amare, hannunka ba ya ganin ɗigo ya ƙyale. Ka share su a hoton, ka share su a situdiyo, ka toshe ƙasan ƙofa, sannan ka zauna kwana tara kana jiran haske. Ka dubi na jikin tallan ka dubi na falonmu. Naka ya yi sumul kamar an shafa fenti. Da ka sace shi yadda yake ma, da ya fi min sauƙi.

Ka ce ranka a ɓace yake. To bari ka ji nawa. Ranar da Baba ya kai ka koyon hoto ina da shekara tara, na bi ku har bakin titi ina kuka, aka ce in koma gida, wannan ba aikin mata ba ne. Duk zuwan da za ka yi da kyamara a wuya sai na ji kamar in fizge ta. Ko taɓawa ba ka bari in yi, wai hannuna da maiƙo. Kai ka tafi, ka ce ƙurar shagon Baba tana sa ka atishawa. Ni na zauna, ni ke share ta, ni ke wanke ta daga rigunansa, ni ke jin tarinsa da asuba. Shekara ashirin da biyu ina jin haushinka, ban taɓa ɗaukar abinka ba. Abu ɗaya tak na yi da hannuna wanda ya yi kyau, shi ma ka ga ya fi dacewa da sunanka.

Ba zan kira mai baje kolin ba, ko da yake lambarsa tana jikin takardar. Ba zan faɗa wa Baba ba, ba zan faɗa wa Anti ba. Ga kati nan, hotuna huɗu ne a ciki, duk a shagon na ɗauke su a makon nan. Akwai wanda Baba ya hura garin katako daga tafin hannunsa cikin hasken, sai da muka yi sau goma sha ɗaya yana mita. Ka amsa wa mutum, ba na so ka ji kunya. Kada dai ka goge komai a ciki. Abin da za a rubuta a ƙarƙashinsu kuwa, alƙalami yana hannunka.

Na bar ka lafiya.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Kati ya iso. Na buɗe hotunan, na fi awa ɗaya a zaune. Na huɗun ya fi wanda kika fara aikowa kyau, kuma ban ji daɗin hakan ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce na ji ba.

Ban goge komai ba. Yau da safe na kai wa mutumin, na faɗa masa ba ni na ɗauka ba, ƙanwata ce, har da na farkon. Za a sake buga tallan da hotonki na asali da sunanki. Yana so ki zo ranar buɗewa, ki zo da Baba in gwiwa ta bari. Ni zan zo in ɗauke ku.

Bai yi faɗa ba. Murmushi ya yi, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ai ba komai, da gani kai ka koya mata." Ƙofa ce ya buɗe min, Auta, da na gyaɗa kai kawai shi ke nan. Na tsaya ina kallon hoton.

Na ce masa a'a.

Ki gaida Baba.

Yayanki