Takardar da ke ƙarƙashin katifar Nurhan

Anti Suhair, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa. Shekarata sha shida, a garin Tanta muke. Ni ba mai surutu ba ce, daga littattafan soyayya sai wani wasa a waya. A wasan, akwatin wani mamaci ake buɗewa, aljihu cikin aljihu, da zanen taurari da idanu da wasiƙun da ya bari. Ji nake kamar zuciyar mutum ce a kulle, in na yi haƙuri ta buɗe mini, kuma ba mai kallona.

Wani mataki ya gagare ni, sai na zana alamomin a takarda, gida-gida da lambobi. Na ji tafiyar Mama, alhali karatun jarrabawa ta bar ni ina yi, na cusa takardar ƙarƙashin katifar yayata Nurhan, na manta. Bayan sati biyu baikon Nurhan ya warware. Mama ta zo shanya katifa ta ga takardar, ta rantse hatimi ne, asiri aka yi. Baƙuwa ɗaya ce ta shiga ɗakin, Tanti Afaf ta saman benenmu, da ta zo gwada wa Nurhan riga. Yanzu Mama ba ta amsa gaisuwarta, ta mayar mata da farantin mahshi, wato ganye mai shinkafa a ciki, da ta aiko mana, ko taɓawa ba a yi ba, tana watsa ruwan gishiri a bakin ƙofa, har ta fara yi wa maƙwabta raɗa. Ni ma wani lokacin sai in ce, ko zanen ne ya raba Nurhan da saurayinta? Wa ya san inda masu wasan suka kwafo shi?

Mai kunya, Tanta

'Yata, zanenki bai raba kowa ba. Masu wasan sun ƙawata shi ne don ya ba da tsoro mai daɗi. Tambayi Nurhan dalilin rabuwar, ta fi katifa sani.

Mahaifiyarki ba muguwa ba ce, uwa ce da aka karya zuciyar 'yarta, tana neman mai laifi. Amma shirunki ne ke ɓata sunan matar da ke cin abinci da keken ɗinkinta a unguwar nan. Fara da Nurhan, ku je wurin Mama tare, ki buɗe matakin a waya, ta gwada da takardar da idonta. Za ki sha faɗa, wataƙila a karɓe wayar. In wasan na sa miki waswasi, ki huta da shi. Sannan ku hau sama wurin Afaf da faranti cike, ke za ki ƙwanƙwasa ƙofar. Allah ya ba ki ƙarfin hali.