Ba a Ganin Gabas Daga Hasumiyar Alto da Gralha

Iolanda Carvalhais Meireles,
Mai gadin gobarar daji,
Hasumiyar Alto da Gralha.
29 ga Yuli, 2019.

Zuwa ga Mai Girma
Injiniya Custódio Valadares,
Shugaban Ofishin Kula da Dazuzzuka na Gunduma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Bishiyoyin turaren da suka tare wa hasumiya gabas, da roƙo kan ranar 15 ga Agusta

Bayan gaisuwar girmamawa, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi, na uku ke nan tun da aka ɗauke ni aiki a watan Yuni. Biyun farko an amsa mini su cikin ladabi, na gode. Bishiyoyin dai suna nan.

1. An ɗora ni kan wannan hasumiya ne domin in hango hayaƙi tun yana siriri, in auna sashen da ya taso, in sanar da 'yan kwana-kwana ta rediyo. Arewa da kudu da yamma ina ganinsu har inda ido ya gaji. Gabas kuwa, inda ƙauyenmu Pena Ruiva yake cikin kwari, ganye kawai nake gani. Marigayi Senhor Anacleto Barroca ne ya dasa bishiyoyin turare a filinsa da ke gindin hasumiyar. Shi ya rasu, su ba su fasa girma ba, har suka wuce tagar da nake tsayawa.

2. Ranar 11 ga Yuli, da tsakar rana, wuta ta tashi a bayan waɗannan bishiyoyi. Ban gan ta ba, ranka ya daɗe. Ƙararrawar coci na ji ana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, ba kuma lokacin ibada ba. Dona Gracinda ce, tsohuwar da ke riƙe da makullin cocin, ta kama igiyar ƙararrawar tana ja da hannuwanta masu sanyin ƙashi. Ni da aka ajiye domin in gaya wa mutane, ni aka gaya wa. Kafin hayaƙin ya leƙo saman bishiyoyin ya riga ya yi baƙi, ya yi faɗi, na kira 'yan kwana-kwana ta rediyo. Da suka iso sun tarar tsofaffi suna dukan wuta da ɗanyen reshe, wasu da bokiti. Amyoyin zuman Senhor Hermínio sun ƙone ƙurmus, haka ma zaitunan da ke gangaren. A katangar maƙabarta wutar ta tsaya. Gidan farko bayan wannan katanga na kakata ne, kuma tana ciki a lokacin, tana barcin rana.

3. A takardarku ta 18 ga Yuli kun bayyana cewa filin na masu shi ne, ba a sa masa zarto sai duk magada sun sa hannu. Ban musa ba. Sai dai magadan su goma sha ɗaya ne, kuma ba a raba gadon ba, domin a wajenmu babu mai son a ce shi ya fara tayar da maganar filin uba. Wasu suna Faransa, wasu Suwizalan, ɗaya yana Brazil. Limamin cocin ya ba ni lambobinsu, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ya yarda idan babban yaya ya yarda. Babban yayan kuma ya ce shi ba ya yanke maganar ƙasar mahaifinsa ta waya, sai yana tsaye a kanta.

4. Wannan ba na ofis ba ne, amma ina roƙon a bar ni in faɗa. A kantin ƙauye yanzu mai gadin tsuntsaye suke kirana. Senhor Hermínio ya aiko kakata ta tambaye ni ko littafin da nake karantawa ran nan ya yi daɗi. Ban ji haushinsa ba, zumarsa ce ta ƙone. Na hau wannan hasumiya da jakar littattafai da zuciya cike da ɗoki, ina ganin an ba ni amanar duwatsu da sararin sama, irin aikin da na sha karantawa ina sha'awa. Yau jakar tana ƙarƙashin benci a rufe. Wuni nake ina shinshina iska kamar karen farauta, ina kasa kunne ga ƙararrawar wata tsohuwa. Na gaji, ranka ya daɗe, ba kuma hawa matakala ya gajiyar da ni ba.

Saboda haka ina roƙo da girmamawa a dubi ranar 15 ga Agusta, ranar bikin cocin ƙauyen. Kowace shekara 'ya'yan Senhor Anacleto suna dawowa gida domin bikin, bana har na Brazil an ce ya sayi tikiti. Bayan an zaga gari cikin jerin gwanon addu'a an koma coci, sukan zauna cin abinci a tsakar gidan mahaifinsu, dukansu a teburi ɗaya, babban yaya a kan gaba. Ranar 17 ga wata kowa ya kama hanya, sai kuma baɗi. Ina roƙon a turo jami'i da takarda da alƙalami a wannan rana. Na san ranar hutu ce. Jami'in ya isa gidan bayan an ci an ƙoshi, amma kafin a buɗe kwalbar giya ta biyu, domin daga nan tsofaffin rigingimu ke farkawa. Masu zarto kuma su kasance a shirye washegari.

Ni ba zan iya sauka in yi wannan da kaina ba. Ranar biki ce ranar da aka fi gasa nama a fili, a kunna kyandir, a ajiye motoci masu zafi a kan busasshiyar ciyawa.

Idan har wannan ma ba zai yiwu ba, to ina roƙon ofis ya rubuta wa mutanen Pena Ruiva, a karanta musu a coci, a gaya musu a fili cewa babu mai kallonsu daga sama. Kakata ta ce har yanzu in za su fita gona da safe sukan juyo su ɗaga wa hasumiya hannu.

Ina jiran umarninku, tare da matuƙar girmamawa.

Taku mai biyayya,

Iolanda Carvalhais Meireles