Sani Ya Aje Aiki, Malam

Zuwa ga maigidana Malam Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na san takardar nan ba mai kai maka ita, ba kuwa za ka karanta ba. Amma bokon yaƙi da jahilcin da kake yi mini dariya a kai yau ya yi mini rana, don maganar da ke cikina ba ta faɗuwa ga kowa sai kai.

Gida lahiya lau. Babbar ɗiyarka ta Tsibiri ta sauka, namiji, an mayar da sunanka, ga kunnuwa irin naka sak. Katangar da ka yi ta cewa za ka ɗaga, damina ta kada ta, an sake ta da bulo. Unguwarmu Zariya ta cika, har filin ƙwallon yara ya zama shaguna.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗanka Sani ya aje aiki. Ba korarsa aka yi ba, ba laifi ya yi ba. Da ƙafarsa ya je ya yi abin da suke kira demisiyo, ya miƙa makullan ɗakin injin kamfanin man gyaɗan da ka yi wa tuƙi har ƙarfinka ya ƙare. Aikin da ka durƙusa ka roƙar masa. Aikin da ka kama hannuna a gadon likita ka ce in yi maka alkawari ba zan bari ya saki ba. Na kuwa yi. Ka tuna?

Ranar da labari ya fita, wallahi sai ka ce rasuwa aka yi a gidan nan. Mata suka yi ta shigowa suna yi mini jaje, wai in yi haƙuri, Allah ya kawo wani. Hajiya Mariya maƙwabciyarmu har da raɗa mini ko sata aka laƙa masa. Ni kuwa ina ta amsa amin. Me zan ce musu? A zamaninmu wa ya taɓa jin mai hankali ya bar albashi don kansa?

Na yi fushi, Malam, fushin gaske. Kullum da safe ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, in juya masa baya. Wai manoman Jiratawa sun koma ban ruwa da hasken rana, kowa na sayen fanno, faifan nan mai zuƙar rana, da famfo, masu haɗawa kuwa sun yi kaɗan. Tun Sani yana zuwa haɗa musu ran Lahadi kaɗai a kan moto, babur ɗin nan nasa, har wayarsa ta daina hutawa. Ya sayi kayan aikinsa ya jibge a zaure, amma ya rantse ba zai ɗaure ƙusa ɗaya ba sai na sa masa albarka. Ka ga inda ka bar ni? In na sa, na karya maka alkawari. In na hana, na karya yaron.

Ana cikin haka sai ga mota ta tsaya ƙofar gida. Ɗan maigidanka ne, shi ke riƙe da kamfani yanzu, wanda ka riƙa kaiwa lakwal, makarantar boko, yana zubar maka da biskit a kujera. Ya tuɓe takalmi, ya zauna kan tabarma, yana roƙona in sa baki Sani ya koma, za a ƙara masa albashi. Ashe ma'aikatansa biyu sun riga sun tafi, ɗaya ya buɗe wurin walda, ɗaya wani kamfani ya ɗauke shi. Oh ni Hadiza! Yau mu ake roƙo a zauren nan? Na tuna yadda ko zazzaɓi kake yi sai ka fita, don kada a miƙa wa wani makullin mota.

Da ya tafi na tambayi Sani, in abin bai karɓe shi ba fa? Ko gezau bai yi ba. Ya ce garin ya buɗe, mai aikin hannu ba ya kwana bai samu mai nemansa ba, in nan ta ƙi, gaba ta so. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin namiji ya yi magana babu tsoro a cikinta haka ba.

Bari in faɗa maka abin da na sani ban taɓa furtawa ba. Ba ka son tuƙin nan. Fari ne ya kore ka daga gonar Tsibiri, kuma yunwar shekarar nan ba ta taɓa fita daga ranka ba. Duk ranar da aiki ya bi da kai ta Jiratawa, ka dawo da ƙullin zogale kana ta labarin lambuna har tuwo ya huce. Malafar da ka saya, wai ta noman da za ka yi in ka huta, tana rataye a ƙusa, ko sau ɗaya rana ba ta taɓa ta ba. Ba aikin ka ce in tsare ba, Malam, yunwa ka ce in tsare masa. Ko na yi ƙarya?

Ran Lahadi na ɗaura mayafi na ce ya kai ni in gani. Na ga ruwa na bulbulowa daga tiyo, ba ƙarar inji, ba hayaƙi, albasa da zogale kore shar. Dattawa sa'anninka suna ta kiransa ta ko'ina, kowa na son a fara da rijiyarsa. Na tsaya bakin kwalbati na yi kuka, don kai na gani a wurin.

Da muka dawo na sauko da malafar, na kakkaɓe ta, na ɗora masa a ka, na sa masa albarka. Ta yi masa daidai. Washegari na sayi goro na aika gida-gida, na ce duk wadda ta zo jaje ta dawo ta karɓi abinta, ta yi mini barka. Hajiya Mariya ce ta fara zuwa.

Alkawari dai na karya shi, ina sane. In akwai laifi nawa ne, kada ka riƙe yaron. Ka jira ni, in na zo mu yi ta tsakaninmu kamar yadda muka saba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Taka har gobe,
Hadiza, uwar ɗiyanka, Zariya, Maraɗi